Daren Da Aka Ce Ina Tsafi Da Majigi

Tun ranar da na ɗora bidiyon akushin nan yana juyawa a fuskar kwamfuta ake ta turo min saƙo. Wasu na tambayar wace manhaja ce, wasu kuma labarin masu gadin hostal suke son ji daga bakina, don na ji an ƙara masa gishiri har an ce wai a ofishin tsaro na kwana. Ban kwana ko'ina ba sai kan katifata. Bari in ba da shi sau ɗaya a nan kowa ya huta. Da ɗan tsawo fa, mai ƙaramin data ya yi haƙuri.

Farkon shekararmu ta ƙarshe aka raba mu ga malaman da za su duba mana furojet, ni na faɗa hannun wani dattijon Bayarabe da kowa ke gudu a sashenmu. Ba mugu ba ne. Matsalarsa ɗaya ce, duk abin da ka rubuta sai ya karanta, layi bayan layi, kuma a wajen ɗalibin da ya riga ya shirya sayen furojet a bakin get, wannan ai ya fi mugunta. Aikin da ya ba ni shi ne in haɗa na'urar ɗaukar surar abu, abin da ake cewa 3D. Ba hoto shimfiɗaɗɗe ba, sura mai tsawo da faɗi da zurfi, wadda za ka juya ta a kwamfuta ka auna ta. Kuma ba da wata na'ura mai tsada ba, da furojekta da kyamara kawai. Daga nan zan riƙa ce wa furojektan majigi, kada ya rikice muku da furojet.

Da zan fita ofishinsa sai ya kira ni ya ce, sharaɗi ɗaya, kada in kawo masa zomo. Na tsaya ina kallonsa. Ashe akwai wani ɗan mutum-mutumin zomo na yumɓu da aka ɗauki surarsa a Jami'ar Stanford ta Amurka tun 1994, yana nan kyauta a intanet, duk mai wannan fannin ya san shi kamar yunwar cikinsa. Ya ce ya gaji da ɗalibi ya sauko da zomon nan ko wani abu irinsa, ya zo ya tsaya gabansa yana rantsuwa shi ya ɗauka. Ya ce, “Ka je garinku ka zo min da abin da babu shi a intanet.”

Da na je hutu na yi ta zagaya gida ina neman abin da babu shi a intanet. Turmi ya yi nauyi, tulu zai fashe a hanya. Sai idona ya kai kan akushin marigayi kakanmu, yana kife a saman jeren Iya inda yake tun ina yaro. Baƙi ne wuluk, yana sheƙi saboda shekarun da man shanu da hannu suka yi suna bin sa. Daga bakinsa akwai tsagewa da ta gangara kamar tsawon ɗan yatsa, gyartai ya ɗinke ta da siririyar waya. Da na tambayi Iya sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Kai maigidan, duk bokon naka a kan kwanon tuwon Malam zai ƙare?” Kwana biyu ina lallashi. Ranar da zan taho ta naɗe shi da tsohon zanenta da hannunta, ta miƙo min, ta ce in dawo mata da shi yadda na ɗauke shi. Wannan karon babu wasan jika a muryarta. A kan cinyata ya kwana a motar dare har muka sauka kudu, ban yarda an sa shi a but ba.

To yaya abin yake aiki? Wanda ya taɓa kwanciya a ɗaki mai asabari da hantsi ya riga ya ga rabin ilimin. Rana ta ratso asabari, ta zuba layi-layi a ƙasa, miƙaƙƙu sambal. Amma duk inda layin ya hau kan randa sai ya lanƙwashe, ya bi cikinta. Ko ba ka ga randar ba, lanƙwasar layin kaɗai ta isa ta gaya maka akwai abu mai tumbi a wurin. Majigi shi ne rana da asabarin, kyamara ita ce idonka, kwamfuta kuma ta yi lissafin.

Sai dai kwamfuta ba ta da wayon ido. Dole a gaya mata, wannan ɗigon da kyamara ta gani, wane layi ne na majigi ya haska shi. Majigin da na yi aiki da shi tsoho ne, layukansa na tsaye 1024 ne, na kwance 768. Ka ɗauka ka riƙe wata lamba a zuciyarka tsakanin 1 da 1024. Da tambaya goma ta i ko a'a zan gano ta, in dai kowace tambaya tana raba abin da ya rage gida biyu. Haka majigin yake yi. Hoton farko rabi fari rabi baƙi. Na biyu ya ƙara raba kowane rabi. Haka layukan za su yi ta sirancewa har hoto na goma. In ka bi ɗigo ɗaya cikin hotuna goman nan za ka samu jeri, fari, baƙi, baƙi, fari, har goma, kuma wannan jerin shi ne lambar layin da ya faɗa a kansa. Da ka san layin, ka san tazarar da ke tsakanin majigi da kyamara, ka san kusurwar da kowanne yake kallo, sauran lissafin alwatika ne irin na sakandare. Inda hasken majigi da kallon kyamara suka haɗu, nan ɗigon yake a sarari.

Akwai wata dabara a yadda ake jera layukan, ta wani injiniyan Bell Labs mai suna Frank Gray, wanda aka ba takardar mallakar fasahar a 1953. A tsarinsa, layi da maƙwabcinsa a amsa ɗaya tak suke bambanta cikin goman. Amfanin haka, in kyamara ta rikice a bakin iyakar fari da baƙi, kuskuren layi ɗaya ne. A ƙirga irin ta yau da kullum kuskure ɗaya a tsakiya zai iya jefa ɗigonka can wata unguwa. Sannan kowane hoto ana haska kishiyarsa, inda yake fari ya koma baƙi, don kwamfuta ta kwatanta biyun maimakon ta yi ta canke. Goma da kishiyoyinsu ashirin na tsaye, ashirin na kwance, sai fari zalla ɗaya da baƙi zalla ɗaya. Hoto 42 kenan kafin ka samu gefe ɗaya na abu. Ku riƙe lambar nan, ta ci min rai. Af, masu iPhone da ke buɗe waya da fuska, ɗan uwan wannan ne a aljihunku. Tun daga iPhone X ta 2017 wayar ke watsa ɗige-ɗige sama da 30,000 na hasken da ido ba ya gani a fuskarku.

Ban ƙirƙiri komai a nan ba, kada wani ya ɗora min rawanin da ba nawa ba. Wasu masu bincike a Jami'ar Brown ta Amurka, Douglas Lanman da Gabriel Taubin, sun fitar da darasi guda a 2009 kan yadda mutum zai haɗa irin wannan na'urar da kansa, kuma a 2012 Daniel Moreno da Taubin ɗin suka fitar da hanyar saita majigi da kyamara tare, da manhajarta kyauta. Nawa shi ne ɗan abin da na rubuta da Python da OpenCV, da kuma wahala.

Kyamara ba ta ba ni ciwon kai ba, ta hannu na saya, Logitech irin ta saƙalawa a kan kwamfuta. Majigi ne aiki. Na sashenmu sai an cike takarda, kuma ba ya kwana a waje. Sai na tuna da na ƙungiyarmu ta ɗaliban Arewa, wanda muke kallon ƙwallo da shi, a kuma haska karatu da azumi. Ciyaman ya ba ni bisa sharaɗi biyu: duk Asabar kafin azahar ya dawo, kuma in ƙwansa ya mutu ni zan saya. Na tambayi kuɗin ƙwan, na ji ya kusa kuɗin abincina na wata. Daga ranar duk sanda aka ɗauke wuta majigin yana kunne sai gabana ya faɗi, don irinsa so yake fankarsa ta huce shi kafin ya mutu.

Saitin shi ne inda mutane da yawa ke ajiye aikin su gudu. Za ka buga takarda mai gidaje baƙi da fari irin na allon draf, ka manna ta a kan abu mai santsi wanda ba ya lanƙwasa. Ni gilashin tsohuwar taga na samu. Kyamara ta kalli kusurwoyin gidajen ta gane yadda idonta yake karkata abu. Majigi kuwa ba ya gani, don haka ake ɗaukarsa kamar kyamarar da ke aiki a juye: a zuba wa allon hotuna 42 ɗin nan, a gano wane ɗigonsa ne ya faɗa kan kowace kusurwa. Sai ka karkata allon ka sake, ka ɗaga shi ka sake, wajen sau goma. Bayan ka gama, ko kauɗa ɗaya daga cikinsu ka yi da faɗin tsinke, komai ya rushe. Abokin ɗakina, Ibo ne mutumin kirki, sau biyu yana yin tuntuɓe da ƙafar tebur zai fita fitsari cikin duhu. A na biyun na kusa yin kuka. Washegari na je wurin kafinta ya yanka min katako, ya yi wa majigin gurbi, ya ɗaure kyamarar a gefe, ta yadda ko na kai shi kallon ƙwallo in ya dawo gurbinsa zai zauna. Duk da haka duk Lahadi sai na sake saiti, don 'yan ƙwallo ba sa iya barin abin murɗa idon majigi ya zauna lafiya.

Wanda zai gwada, ya kashe duk wani abu da kyamara ke yi da kanta, daidaita haske da daidaita gani, don in ta ga baƙi ya yi yawa za ta ƙara haske ta ɓata lissafin. Ya kuma bar ƙofar haskenta ta ɗan jima a buɗe. Irin majigin nan akwai faifan launi da ke juyawa a cikinsa, in kyamara ta yi sauri sai ka ga bakan gizo yana yawo a hoton.

Abu na farko da na ɗauka burodi ne. Wallahi ranar da ɗige-ɗigen nan suka taru a fuskar kwamfuta suka zama burodi, har da ɗan lotsawar da yatsan mai shago ya yi masa, na juya shi da linzami ya juya, ban san sanda na yi kabbara ba. Abokin ɗakina ya tashi ya gani, ya jinjina kai, muka cinye burodin da shayi. Na ce to an gama, gobe sai akushi.

Na ɗora akushi, na jira 42, na duba. Bango ya fito, kujerar da na ɗora shi ta fito, a tsakiya kuwa rami ne mai siffar akushi. Babu shi. Baƙin abu shanye haske yake yi, farin layi da baƙin layi duk ɗaya suke a jikinsa. Inda yake sheƙi kuma sai ya wurga hasken gaba ɗaya cikin idon kyamara ya makantar da ita. Na ɗauko abin da babu shi a intanet, ashe na ɗauko abin da na'urar ta fi tsana. Wani ɗan ajinmu ya ce in fesa masa farin fenti. Ko amsa ban ba shi ba. Hodar jarirai na sayo, na riƙa dangwala ta da auduga sannu-sannu har ya yi furfura, ina yi ina jin kamar Iya na tsaye a bayana.

To a nan labarin da kuke jira ya shigo. Aikin nan duhu yake so, kuma wutar hostal ta fi zama bayan ɗayan dare. Na toshe taga da bargo, ashe gefe ɗaya bai rufu ba. Wajen ƙarfe biyu, ina hoto na talatin da wani abu, sai na ji ana dukan ƙofa kamar za a ɓalle ta. Na buɗe. Masu gadi biyu ne da tocila, bayansu ɗalibai sun fi goma, wasu ba ko riga.

Yanzu ku tsaya a inda suka tsaya ku ga abin da suka gani. Ɗaki baƙi ƙirin. Wani haske yana walƙiya, fari, baƙi, fari, baƙi. A tsakiya kujera lulluɓe da baƙin ƙyalle, a kanta baƙin kwanon itace an bulbule shi da farin gari. Bahaushe cikin jallabiya, da carbi a hannu, don ni zaman jiran hotunan nan da shi nake rage shi. Can a kan gado kuma mutum kwance ya miƙe sambal, matashi a kan fuskarsa, ba ya motsi. Duk wanda ya zauna ƙasar nan ya san irin kwanukan da ake wayar gari a gani a mararraba. Sai na ji wani daga baya ya ɗaga murya ya ce Aboki na tsafin kuɗi, ya kashe ɗan ɗakinsu.

Yanzu dariya muke yi. A lokacin bakina bushewa ya yi. Ni da ku mun san yadda ihu ɗaya ke tara mutane, mun kuma san mutanen da suka taru da dare ba sa jiran bayani. Na ɗaga hannuwana sama ina cewa furojet ne, furojet ne, Turancin ma ya gudu ya bar ni. Allah Ya taimake ni hayaniyar ta tashi mamacin. Abokin ɗakina ya yaye matashi ya miƙe da gajeren wando yana masifa, wane ne ya mutu, shi da yake da gwaji ƙarfe takwas. Rabin taron suka fashe da dariya, rabi kuwa ba su gamsu ba, ido na kan kwanon.

Sai babban cikin masu gadin, wani tsoho, ya shigo ya haska shi da tocila, ya sunkuya ya shinshina. Ya ɗago ya ce min da Hausa, irin ta bariki, “Wannan ba akushi ba ne? Me ya sa ka shafa masa hoda?” Ashe tsohon soja ne, ya yi shekaru a Kaduna. Na kunna fitila, na buɗe masa burodin nan a kwamfuta na juya shi. Ya karɓi linzamin ya juya da kansa, ya juya, ya juya. Sannan ya fita ya kore su da Yarbanci, ya dawo ya ce gobe in kawo takarda daga malamina.

Na yi kwanaki ina jin haushin wanda ya yi ihun nan. Amma in za a faɗi gaskiya, a ce a unguwarmu aka leƙa ɗakin wani baƙo ɗan kudu ƙarfe biyun dare aka ga haka, ban san me yaranmu za su yi ba, kuma ba na son in sani. Abin da zan ce wa ƙannenmu da ke tahowa, duk aikin da zai sa ka yi abin da ba a saba gani ba a hostal, ka fara gaya wa masu gadi da maƙwabtanka da rana tsaka, ka nuna musu. Ni ban yi ba.

Da na ba malamina labari ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. Sannan ya buɗe durowa ya ba ni makullin wani ɗan sito a bayan ɗakin gwaji, ba taga, ga wutar sashe. Wata uku ina wahala, ashe makullin yana durowarsa. Ya ce ban tambaya ba.

A sito hoda ta yi aiki, akushi ya fito. Sai dai ɗauka ɗaya gefe ɗaya take ba ka, kuma wurin da majigi ya haska kyamara ma ta gani, shi kaɗai ke fitowa. Wanda ɗayansu ya rasa, rami ne. Don haka sai ka juya abin ka sake, ka juya ka sake. Na yi takwas yana zaune, takwas yana kife, sannan na kai su MeshLab, wata manhaja ta kyauta da masu bincike a Pisa ta Italiya suka yi, don in ɗinke su su zama abu guda.

A nan na yi wautar da ta fi ta bargon taga. Ni kunyar tsagewar nan nake ji. Ina hango ranar difens, ga ɗan Arewa ya zo da fasasshen kwano ɗaure da waya. Don haka na cusa mata hoda da yawa don ta ɓace, ɗige-ɗigen wayar kuma na bi su na goge a kwamfuta kamar datti. Na gyare bakin ma inda ya ɗan ɓantare. Na samu gutsattsari goma sha shida masu kyau, sumul. Na ce wa manhaja ta haɗa. Sai ta tattara su ta jibge a wuri ɗaya, ta ba ni rabin akushi mai kauri kamar an jera faranti. Na sake, ta sake. Kwana huɗu.

Malamin ya zo ya tsaya a bayana ya kalla, ya ce, “Me ya bambanta wannan gefen da wancan?” Na ce babu. Ya ce to ita ta yaya za ta sani? Ya fita abinsa. Abu mai zagaye kowane gefensa kamar ɗan uwansa yake, manhajar kuwa tudu da kwari take nema ta kama, in babu sai gutsuren ya yi ta sulɓewa a kan ɗan uwansa. Na zuba 'yan tsakuwoyi a kan faifan da nake juya shi, na manne su, suka zama alama, na zaune takwas suka haɗu, na kife takwas suka haɗu. Amma haɗa na zaune da na kife fa? Da ka kifa shi tsakuwa ta tashi aiki, don ba tare suka juya ba. Abin da ke jikinsa ta ciki da ta waje a lokaci guda kaɗai zai iya ɗaure su. Na zauna ina kallon akushin. Waya ce kawai ta huda ta ciki ta fito ta waje, sai tsagewar da ta haura baki ta gangara ɗaya gefen, sai ɓantarewar nan biyu da na goge.

Na ɗauki tsinke na sakace hodar da na cusa, na sake ɗauka tun daga farko, ban goge komai ba. Na nuna wa manhajar ɗinki huɗu na gyartai a wannan rabin, na nuna mata su a wancan. Ta ja su suka zauna ɗaram. Da na matso da hoton kusa har sawun gizagon masassaƙi na gani a gindinsa, abin da ban taɓa lura da shi ba duk shekarun da nake ganin akushin, saboda baƙinsa ya ɓoye shi.

Saura tarko biyu. Na farko, na auna bakinsa da tef na samu santimita 26, kwamfuta ta ce 27. Kwana biyu ina tone abin da na rubuta ina neman kuskure. Ashe a shagon buga takardu ne aka ɗan matse takardar draf ɗin don ta shiga shafi. Na gaya wa kwamfuta kowane gida milimita 25 ne, da na ɗora rula sai na ga 24. Ku auna takardarku da rula kafin ku yarda da ita.

Na biyun ya fi wuya, don ba na lissafi ba ne. Cikin akushin akwai ramuka, musamman can ƙasa, saboda farar hoda na mayar da haske daga wannan bango zuwa wancan, sai layin da ya kamata ya zama baƙi ya yi haske, kwamfuta ta rasa amsa ta bar wurin fanko. A MeshLab akwai inda za ka danna ya toshe duk ramukan da kintace. Na danna. Ya fito sumul kamar na kanti, wayar gyartai ta narke ta zama ɗan ƙulli. Saura kwana uku a miƙa aiki, ɗan ajinmu mai shawarar fenti ya ce wannan zan kai, wa zai sani? Ba zan yi muku ƙaryar tsoron Allah ne kaɗai ya hana ni ba. Na san wanda zai karanta. Na sa duka biyun a shafi ɗaya, na rubuta a ƙarƙashin ɗaya wannan na'ura ce ta auna, a ƙarƙashin ɗayan wannan manhaja ce ta cike.

Ranar difens malamin da aka gayyato daga wata jami'a bai ko kalli mai kyan ba. A kan ramukan ya tsaya, me ya sa nan, me ya sa ba can ba. Na roƙi a kashe fitila, na haska cikin akushin da tocilar waya daga gefe, kowa ya ga yadda ɗaya bangon ke ɗaukar haske ba tare da an haska shi ba. Ya sa aka kawo abin awo ya gwada wuri uku da hannunsa, mafi nisan bambanci bai kai milimita biyu ba. Ya tambayi sunan kwanon da Hausa, ya rubuta a gefen takardarsa. Majigi kuwa na mayar wa Ciyaman da ƙwansa da rai, ko da yake har yau yana cewa ƙwallo ta ɗan yi duhu.

Satin da ya wuce na kai wa Iya kayanta. Na goge shi da busasshen ƙyalle, na bi shi da man shanu, ya koma baƙinsa. Ta warware zanen, ta juya shi, ta shinshina, ta ce yana ƙanshin masu jego. Na nuna mata na cikin waya yana juyawa, na matso mata da wurin ɗinkin. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce ita ta fasa shi, shekarar da aka kawo ta gidan, ya suɓuce mata a bakin rijiya. Ta ɓoye shi kwana biyu a cikin rumbu, ta sayar da ƙwan zabinta ta biya gyartai, kuma har Malam ya koma ga Allah bai taɓa tambayarta ba, kullum dai ɗinkin yake juyowa wajensa in zai ci tuwo. Babanmu ma bai san wannan ba, a tsaye yake a bakin ƙofa yana ji.

Ta zaro tsinke daga tsintsiya ta zauna tana sakace sauran hodar da ta maƙale a ƙarƙashin wayar, ta ce in miƙo mata faifai in tashi in ba ta wuri.